Ruwan Wankan Abba

Jama'a, duk mai niyyar yi mini faɗa ya haƙura, an riga shi. Yaya ya yi nasa ta waya, Goggo ta yi nata har da ƙari, ni ma na tsaya gaban madubi na yi wa kaina. Abin da ya rage kawai in ba ku labarin yadda na tashi gyara wa mahaifina ruwan wanka na kusa jawo mana abin da ba za mu taɓa mantawa ba. Har yanzu idan na tuna sai na sauke ajiyar zuciya in ce alhamdulillahi.

Ni ce auta a gidanmu. Mama ta rasu tun ina makaranta, Allah ya jiƙanta. Yaya ya yi aure yana wani gari da iyalinsa, saura ni da Abba a ɗan gidanmu mai ɗaki biyu da falo. Ina aiki a shagon tabarau, ni ce mai gwada wa mutane firam, in ɗaure ƙananan kusoshi, in goge gilashi, in ce wa kowa ya yi masa kyau. Bara Abba ya samu shanyewar ɓarin jiki. An gode Allah ya tashi, yana takawa da sanda, maganarsa ta dawo sai dai a hankali take fita. Hannun hagu ne ya ƙi dawowa gaba ɗaya. Yana motsi, yana ɗan riƙe abu, amma ba ya ji. Ko allura ka soka masa sai dai ya gani da ido.

Tun da muka dawo daga asibiti ruwan famfon gidanmu ya zama wani iri. Shi ba sanyi ba, shi ba zafi ba, kamar shayin da aka manta a kan tebur. Lokacin zafi ban damu ba. Da sanyi ya shigo gwiwoyin Abba suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai na ga ba zai yiwu ya yi wanka da wannan ruwan ba. Na ɗauka hitar da ke ɗumama mana ruwa ce ta tsufa. Fara ce doguwa mai siffar tanki, tana cikin wani siririn kabad a bayan ƙofar kicin, na cika gabanta da tsintsiya da mofa da tsofaffin ledoji, ko kallonta ba na yi.

Don haka kullum bayan sallar asuba nake ɗora babbar tukunya a kan gas, in kunna butar lantarki. Idan sun tafasa in naɗe hannuna da tsumma, in ɗauko tukunyar ina tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, in bi ta falo zuwa banɗaki, in juye a bokiti, in surka, in gwada, in ajiye masa kujerar roba da kofin kwasa. Ni kuma in watsa wancan ruwan mara kan gado ina karkarwa, in zura kaya in fita da gudu. Akwai tabo biyu a bayan hannuna na dama, duk na tukunyar ne.

To, a nan Birki ya shigo labarin.

Ba sunansa ba ne, ni na sa masa. Mai koyar da tuƙi ne, motarsa birki biyu gare ta, ɗaya nasa ɗaya na ɗalibi, kuma wallahi rayuwarsa ma haka take. Ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar cin abinci, ko saƙo zai turo sai ka ga alamar yana rubutu ta daɗe tana rawa sannan kalma uku ta fito. Ya zo shagonmu a gyara masa ƙafar tabarau, na gyara. Ya dawo wai yana matsa masa kunne, na sassauta. Ya sake dawowa wai yana zamewa. Na ɗaga tabaraun na duba shi a haske, na ce, “Malam, tabaraun nan lafiyarsa lau.”

Ya sosa ƙeya ya ce, “Na sani, Likita. Mai shi ne ba lafiya.”

Tun daga ranar nake Likita a bakinsa, duk da ko allura ban taɓa riƙewa ba. An fi shekara muna tare, kuma duk lokacin da ya kawo maganar zuwa gaishe da Abba sai in ce ya ɗan dakata. Ban taɓa gaya masa dalilin a fili ba. Yaya za a yi in ce wa mutum tukunyar ruwan zafi ce ta tsaya tsakanina da shi? Amma gaskiyar kenan. Idan na tafi, wa zai tashi da asuba ya ɗauki tukunyar nan? Yaya ya sha cewa Abba ya koma wurinsa, Abba kuma ya ce a gidan da matarsa ta rasu shi ma za a ɗauki gawarsa. Magana ta ƙare.

Goggo kuwa, yayar Abba ce, ita ba ta san da wani Birki ba. Ita abin da ta sani shi ne sa'o'ina duk sun yi aure, wasu da goyo wasu da na hannu. Tana da ɗan takararta, ɗan wata ƙawarta mai shagunan turare, kuma hotunansa sun cika mini waya: ga shi a jingine da mota, ga shi a ofis yana riƙe da biro, ga shi yana kallon nesa kamar an yi masa alkawari. Ƙarƙashin kowane hoto akwai saƙon murya mai tsawon huɗuba.

“Auta, kin ga yaron nan? Ko ƙamshinsa kaɗai ya ishe ki. Kina nan kina dafa ruwa ƙuruciyarki tana tafasa tana ƙonewa. Ni dai na faɗa.”

Ranar da abin ya faru, na tashi da saƙon Birki a wayata.

“Likita, Ummata ta sake tambayata maganarmu.”

Sai wani ya biyo baya: “Ba matsa miki nake ba. Ina so ne in san ko layin da nake bi yana motsi.”

Na karanta, na kife wayar a kan firij. Na buɗe kabad da ƙarfi zan ɗauko mofa, sandar ta karkace ta doki gaban hitar, wani ɗan murfin roba ya ɓalle ya faɗo kan ƙafata. Na sunkuya zan mayar da shi sai na ga abin da yake rufewa: wani abin murɗawa mai zagaye, da lambobi a jikinsa, daga talatin da wani abu har zuwa saba'in da biyar. Kibiyar tana can ƙasa, ko arba'in ba ta kai ba.

Na tsaya ina kallonsa da baki buɗe. Na ɗauko waya na bincika, wani mutum mai gemu a bidiyo ya nuna irinsa sak, ya ce wannan shi ke faɗa wa hita iyakar zafin da za ta kai. Ban ma bari ya gama bayani ba. Wato duk watannin nan hitar lafiyarta ƙalau? Na kama abin na murɗa shi har ya tsaya da kansa. Wata 'yar jar fitila ta kama, tankin ya fara wani ɗan gurnani a hankali. Na buɗe famfo na tara hannu, ruwan yana nan yadda yake. Na ce to, sai ya ɗauki lokaci.

Na dafa ruwan tukunya kamar kullum. Da na leƙa ɗakin Abba na same shi ya ja bargo har wuya.

“Abba, ruwa ya yi.”

“Rufe shi, Auta. Yau sanyin ya yi yawa, sai rana ta ɗaga.”

Ga maganar a bakina, amma na haɗiye. So nake in dawo da yamma in kama hannunsa in kai shi gaban famfo in ce, Abba, taɓa ka ji. Ku dubi wauta. Na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa mayafi mai ɗigon fari, na ɗauki jaka, na fita ina jin kaina kamar wadda ta ƙirƙiro lantarki.

A shago ma ban iya riƙe abin a cikina ba. Da kwastomomi suka ɗan lafa na tura hoton abin murɗawar a zauren gidanmu na waya, inda muke ni da Yaya da matarsa. Na rubuta: “A gaishe da Injiniya Auta. Ashe hita lafiya lau, wani ne ya rage ta. Na ƙure ta, yau Abba zai sha mamaki.” Har da hoton wuta guda uku.

Ko ajiye wayar ban yi ba ta fara ruri. Yaya.

“Ke! Me kika ce kin yi?”

“Na ƙara...”

“Ni na rage ta! Ranar da za a sallami Abba likita ya ce a kula da ruwan zafi, hannun nan ba ya ji, zai iya dafewa bai sani ba. Kin gaya masa?”

Duk tabaraun da ke jere a bango suka zuba mini ido. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yadda Abba yake wanke kofin shayinsa. Ba ya yarda in wanke masa, wai wannan ɗaya dai a bar masa. Yana riƙe soso da hannun dama, ya cusa na hagun cikin kofin ya tara a ƙarƙashin famfo, ya bar ruwa yana zuba a kai yana kallon taga.

“Yaya, ban gaya masa ba.”

“Innalillahi. Kira shi! Ni ma bari in kira.”

Na kira Abba, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake, haka. Na kira maƙwabciyarmu, ta ce tana wurin aiki. Na danna lambar Birki, ban san ma me na ce masa ba, na dai ji ya ce, “Ina bayan layinku, fito.” Madam mai shagon ta kalli fuskata sau ɗaya ta ce, “Je ki, je ki,” ta miƙo mini jakata.

Jama'a, idan kuna da gaggawa kada ku shiga motar mai koyar da tuƙi. Ga allon ɗalibai a saman motar, ga shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ranar jarrabawa. Ya ce in ɗaura bel. Na ɗaura ina kuka. Muna isa mahaɗar titi fitila ta yi ja, ya tsaya cak.

“Birki, don girman Allah ka wuce! Babu kowa!”

“Idan na wuce wani ya fito, mu biyu ne a asibiti, Abba kuma shi kaɗai a gida. Wa ke da makullin gidan bayan ke?”

“Goggo.”

“Kira ta.”

Na kira, ita ma ba ta ɗauka ba. Na dunƙule mayafina a baki. Ya miƙo mini hankici ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba.

“Ci gaba da kiran Abba. Ko bai ɗauka ba, ƙarar za ta iya janyo shi daga kicin.”

A lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi saboda sanyin muryarsa. Amma na lura ya bar babban titi ya shiga wasu lunguna da ban taɓa sanin suna ɓullewa unguwarmu ba, ya bi ta bayan makaranta, ya ratsa gefen wurin wankin mota, sai ga mu a ƙofar gida. Gumi ne ke bin gefen fuskarsa duk da sanyin da ake yi.

Ban jira ya gama fakin ba. Na tura ƙofar, a buɗe take. Abin da na fara ji shi ne ƙarar ruwa daga banɗaki, shaaa, irin ta shawa, wadda rabon da in ji ta a gidan nan tun kafin ciwon Abba. Tururi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar.

“Abba! Abba!” Na shiga dukan ƙofar da tafin hannu.

“Ke dalla rufe mana baki, kin cika gida da ihu.”

Na juya. Goggo ce zaune a kan doguwar kujera, ta sha atamfa mai ruwan goro da ɗaurin da ya kusa taɓa fanka, ta tsoma yatsu biyu a kofin ruwa, fuskar nan a murtuke.

“Wace 'yar neman rai ce ta mayar da famfon gidan nan tukunyar fige kaza? Na shigo da sallamata, na ga kofuna a sink na ce bari in taimaka wa marainiyar Allah, ina buɗe famfo sai ji na yi kamar kunama!”

“Goggo, Abba...”

Ƙarar ruwan ta tsaya. Aka daɗe ana motsi a ciki. Sannan sakata ta yi ƙara, ƙofar ta buɗe, tururi ya fito ya biyo shi kamar rakiya. Abba ne cikin farar jallabiya, tawul a wuya, sanda a hannun dama, gemunsa yana ɗigar ruwa, fuskarsa tana sheƙi kamar an sake masa fata.

Ya dube ni ya ce, “Auta, wa ya rasu?”

Na cafko hannun hagun na juya shi gaba da baya, na ware yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ture hannun rigar har gwiwa. Babu ja, babu kumburi, babu komai. Ɗumi kawai da ƙamshin sabulu. Sai na durƙushe a wurin na kifa goshina a kan hannun na saki kukan da na riƙe tun daga shago.

“Ni na ƙara hitar, Abba. Ban gaya maka ba. Da ka ƙone fa?”

“Ai Goggon yara ta yi mini gwaji,” in ji shi, yana 'yar dariyarsa ta gefen baki. “Tun daga ɗaki na ji sakamakon.”

“Au, abin dariya ma na zama?” in ji Goggo.

“Da na ji ruwan ya dawo sai na ce yau ni da shawa. Na buɗe na sanyi tukuna, na riƙa ƙara na zafi kaɗan-kaɗan, ina tara gwiwar hannun dama. Haka nake gwada ruwan wankanki kina jaririya, uwarki tana tsaye tana cewa na cika tsoro.” Ya dafa kaina. “Hannu ɗaya ne ya yi barci, Auta, kan yana nan. Tashi. Rabona da in ji ruwa yana sauka a bayana haka har na manta.”

Wata irin iska ce ta fita daga ƙirjina. Na ji duniya ta dawo daidai, har ƙarar agogon falo na fara ji. Wayar Abba kuwa tana ƙarƙashin filo, ta Goggo tana ƙasan jaka.

“Salamu alaikum.”

Na manta da Birki shaf. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire takalma ya jera su a gefe, yana rungume da jan akwatin taimakon gaggawa na motarsa, tabarau ya yi hazo saboda tururi. Idon Goggo ya tashi daga kansa ya sauka a kaina ya sake komawa.

“Wannan fa?”

“Mai... mai koyar da tuƙi ne, Goggo. Shi ya kawo ni.”

“Tuƙi kike koyo ba mu sani ba? Da wace motar?”

Birki ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Abba, ya juya ya gaishe ta. Ita kuwa ta zaro yatsun daga kofi ta ce mini, “Miƙo mini man goge baki in shafa, raɗaɗi yake.”

“Goggo, a yi haƙuri, kada a sa man,” in ji shi a hankali, kansa a ƙasa. “A cire zoben tukuna kafin yatsan ya kumbura, sai a tara a ruwan sanyi mai gudu, a daɗe.”

“Kai likita ne ko direba?”

“Direba ne, Goggo. Amma ɗalibaina suna yawan taɓa inji da zafi.”

Na zaci za ta wanke shi tas. Sai na ga ta miƙa hannun. Ya sa ni na murza zoben da sabulu har ya fita, ya kai mata kujera gaban sink ya buɗe na sanyi, ya tsaya a gefe yana riƙe da tawul kamar ma'aikacin otal. Tana ta mita, yana ta “haka ne, Goggo.” Ƙunar ba ta yi zurfi ba, ja ne kawai, ko ƙurji bai tashi ba. Da aka gama ya naɗe mata da bandeji mai laushi. Ta ɗaga hannun tana juya shi.

“Hm. Ka iya ɗauri dai.”

Kafin ya tafi ya ce in nuna masa hitar. Ya leƙa, ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ƙasa da murya.

“Har ƙarshe, Likita? Ke ba a ba ki mota.”

Ya mayar da kibiyar baya, ya ce kada kowa ya buɗe na zafi shi kaɗai sai an kira mai gyara, ruwan da ke cikin tankin zai daɗe bai huce ba. Abba ya raka shi da ido har ƙofa, ya ce, “Allah ya yi albarka, yaro. A gaida gida.”

Mai gyaran famfo ya zo bayan la'asar, Yaya yana kan waya a buɗe yana sauraro. Mutumin ya ce ni da Yaya duk mun yi rabin daidai. Idan aka bar tanki da ɗumi-ɗumi ruwan ba ya wadatarwa, kuma ƙwayoyin cuta suna son irin wannan ɗumin, gara a bar shi wajen sittin. Amma sittin ɗin ma yana ƙona fata, balle inda na kai shi. Ya fito da wani ɗan ƙarfe mai baki uku daga jakarsa, ya ce wannan shi ke surka ruwan da kansa kafin ya iso famfo, ko an buɗe na zafi shi kaɗai ba zai wuce abin da jiki ke ɗauka ba. Ya ɗaura shi a bututun da ke fita daga tankin, ya daidaita, ya sa ma'auni a ƙarƙashin famfo ya nuna mini, sannan ya ce in tara hannu. Zafi mai daɗi, irin wanda ke shiga ƙashi, amma ba ya cizo. Na bar hannuna a ciki har yatsuna suka yi yaushi.

Yaya ya yi gyaran murya ya ce, “Ni ma da laifina, Auta. Da na gaya miki tun farko.” A wurin Yaya wannan daidai yake da ya kwanta a ƙasa yana birgima, don haka na karɓa.

Bayan magariba Goggo ta tafi da hannunta a ɗage kamar tuta. Na kai wa Abba shayi, zan juya ya ce in zauna. Na zauna a kan dardumar kusa da ƙafarsa.

“Gobe kada ki ɗora tukunya.”

“To, Abba.”

“Jibi ma. Ki kai ta can saman kabad.” Ya kurɓi shayin. “Kin san abin da ya fi ciwon nan yi mini ciwo? Takunki da asuba. Ina kwance ina jin ki kina tahowa da tukunyar nan a hankali, ina addu'a kada ki zame. Kullum. Ban hana ki ba ne don na ga kamar shi ke riƙe da ke, kina ganin idan kin ajiye ta kin ajiye ni.”

Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen darduma.

“Ni ba kaya ba ne, Auta. Zan iya wankana, zan iya shayina. Abin da ba zan iya ba a samo mai zuwa da rana, yayanki ya daɗe yana roƙona in yarda, to na yarda. Ke kuma gari ɗaya ne, ba sama za ki tashi ba.” Ya ajiye kofin. “Yaron nan mai akwati. Tun yaushe yake jira?”

Kunya ta rufe ni, na ja mayafi na rufe rabin fuska. “Abba, tuƙi...”

“Mai koyar da tuƙi ba ya shigowa gidan mutane fuskarsa ta fi ta 'yar gidan tashin hankali. Tun yaushe?”

“An fi shekara.”

Ya girgiza kai. “Kin wahalar da ɗan mutane. Ki ce masa ya dawo ya gaishe ni da kyau, yau a jiƙe ya same ni.”

Ban san lokacin da na isa ɗakina ba. Na faɗa kan gado na rungume filo ina dariya hawaye yana zuba, jikina sakayau kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ɗauko waya na buɗe saƙonsa na safe, na rubuta: “Layin ya motsa. Abba ya ce ka zo.”

Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa. Na tashi zaune, na koma na kwanta, na ciji yatsa. Can sai ga shi:

“Alhamdulillahi. Amma Likita, akwai magana.”

Na rubuta da sauri: “Wace magana?”

“Goggo ta kira ni yanzu.”

“Goggo?! Ina ta samu lambarka?”

“A jikin motar take, da manyan baƙi. Ta ce gobe da safe in je gidanta, ni kaɗai, kada in gaya miki. Wai in zo da sabon bandeji, da sunan kakana na wajen uba.”